Wuyan Doki da Akwatin Zaɓe: Tarihin Kalmomin "Neck and Neck"

Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato a Amurka ko Birtaniya, akwai wasu kalmomi uku da ba sa ɓacewa daga kanun jaridun Turanci: "neck and neck". Ana faɗin haka ne idan 'yan takara biyu sun yi daf da juna, babu wanda ya tsere wa abokin karawarsa, har ba a iya cewa ga wanda zai kai bantensa. Mai fassara labarai zuwa Hausa ba ya bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, domin da ya yi haka da sai ya ce "wuya da wuya", mai sauraro kuwa ya ɗauka wata wahala ake nufi. Sai ya ce suna tafiya kankankan, ko kafaɗa da kafaɗa, ya wuce gaba. Fassarar ta yi daidai, sai dai ta bar wani abu a baya. Wuyan da ake magana a kansa ba na ɗan Adam ba ne, na doki ne, kuma an fara auna shi ne a filayen sukuwa na Ingila, a zamanin da dukiya mai yawa takan sauya hannu bisa abin da idon mutum ɗaya ya gani cikin ƙiftawa.

Masu bin diddigin kalmomin Turanci sun tsinci wannan magana a rubuce tun wajen 1799. Shekarar tana da muhimmanci, domin da an koma baya da shekara ɗari, da wuya a sami dalilin ƙirƙiro ta. Sukuwar wancan lokacin wata aba ce daban.

Cibiyarta ita ce Newmarket, wani ƙaramin gari a gabashin Ingila mai shimfiɗaɗɗen fili da ciyawa. Sarki James na Ɗaya ya fara zuwa can a 1605, jikansa Charles na Biyu kuma ya mayar da garin tamkar fada ta biyu. Shi da kansa yakan hau ya yi tsere, har ya ci gasar da ya kafa a garin a 1671. A tsarin wancan zamani ba a yanke hukunci da gudu ɗaya. Zubi-zubi ake yi, kowane zubi mil 4, a ba dawaki ɗan hutu na kamar rabin sa'a a sake sakin su, kuma sai dokin da ya ci zubi biyu ne ke ɗaukar kyauta. A manyan gasannin da sarki ke sa wa kyauta, doki yakan ɗauki nauyin laba 168, wato kilo 76. Manyan dawaki ne masu shekara biyar ko shida, kuma abin da ake gwadawa juriya ce. A irin wannan tsere ba a cika damuwa da taƙi ko kamu ba. Ma'aunin da ya fi ƙarfi shi ne wani turke da ake kafawa yadi 240 kafin ƙarshen fili: duk dokin da bai kai wannan turke ba a lokacin da na farko ya gama, an fitar da shi daga gasar ke nan.

Idan kuwa aka yi dace biyu suka iso tare har alƙali ya kasa rabewa, ba wani tashin hankali ba ne. Sai a ce zubin ya mutu, ba a lissafa shi, a sake wani. Daga nan Turanci ya sami "dead heat", wato mataccen zubi, wadda ita ma ta bayyana a rubuce a shekarun 1790.

Gwarzon wancan tsari shi ne Eclipse, ingarman da aka haifa a 1764. Ya shiga gasa 18 bai taɓa faɗuwa ba, wasu daga ciki ma ba a sami mai ƙarfin halin fito da dokinsa ya kara da shi ba. A tserensa na farko a Epsom, cikin Mayun 1769, wani ɗan caca ɗan Ireland mai suna Dennis O'Kelly ya ci alwashin zai faɗi yadda dawakin za su jeru a zubi na biyu. Da aka ce ya faɗa, sai ya ce Eclipse ne na ɗaya, sauran kuwa ba su da matsayi. Abin da yake nufi shi ne za a bar su duka a bayan turken nan na yadi 240. Haka kuwa aka yi. A duniyar da doki ɗaya ke iya yi wa sauran irin wannan fintinkau, babu mai buƙatar auna wuya.

Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin. Na farko kiwo. Tun daga ƙarshen ƙarni na 17 attajiran Ingila suka riƙa shigo da ingarmu daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya da arewacin Afirka suna haɗa su da goɗiyoyinsu. Uku daga ciki sun yi fice, har kusan duk dokin sukuwa na yau ta wajen uba daga gare su ya fito: Byerley Turk, da Godolphin Arabian, da Darley Arabian wanda aka kawo daga Halab ta ƙasar Sham a 1704. A 1791 James Weatherby ya fara buga kundin nasabar waɗannan dawaki. Daga nan aka rufe ƙofa, jinin ya riƙa zagayawa cikin dangi ɗaya. Dawakin da suka fito daga tsatso guda, aka ciyar da su abinci iri ɗaya, aka horar da su a fili ɗaya, ba abin mamaki ba ne su yi kusa da juna a gudu.

Na biyu kuɗi. Mai doki ba ya son jiran shekara biyar kafin ya ga amfanin abin da ya kashe, ɗan caca kuma ba ya son wuni guda a kan gasa ɗaya. Sai aka ƙirƙiro gajerun tsere na gudu ɗaya tak, na matasan dawaki masu shekara uku: St Leger a Doncaster a 1776, Oaks a 1779, sai Derby a Epsom a 1780, wadda aka fara da mil 1 kafin a mayar da ita mil ɗaya da rabi. Yanzu babu zubi na biyu da za a gyara kuskure a cikinsa. Dawaki goma sha ko ashirin ne za su taho a dunƙule, su wuce gaban alƙali cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma abin da ya furta shi ne ƙarshen magana. Ƙungiyar Jockey Club, wadda aka kafa wajen 1750 ta zama mai tsara dokokin wasan, ta bar wa alƙali wannan iko, shi kuwa ba shi da abin awo sai jikin dokin kansa.

Haka aka sami tsanin ma'auni da ake amfani da shi har gobe. Tsawon doki ɗaya, daga hanci zuwa gindin wutsiya, kimanin ƙafa 8 ne. Ƙasa da shi akwai rabin tsawo, sai wuya, sai kai, sai guntun kai, sai hanci. Idan aka ce doki ya ci da wuya, ana nufin kansa da wuyansa ne kaɗai suka wuce na biye da shi. Idan kuwa wuya yana jere da wuya, to ko wannan 'yar ratar ma babu.

Akwai dalilin da ya sa maganar ta tsaya a kan wuya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da dawaki suna sukuwa ya san shi. Doki ba ya gudu da kai a tsaye cak. Da kowane taki yana miƙa wuya gaba ya janyo shi baya. Idan biyu suna jere, takunsu kuma bai zo ɗaya ba, sai hancin wannan ya wuce, kafin a ƙifta ido hancin wancan ya wuce. Mai kallo yana ganin jagoranci yana sauya hannu sau da yawa cikin daƙiƙa kaɗan, alhali a haƙiƙa babu wanda ya fi wani sauri. A dokar sukuwa hanci ne ake dubawa a kan layi, saboda haka sau da yawa wanda ya ci shi ne kawai wanda layin ya riske shi wuyansa a miƙe. Ma'anar asali ke nan ta "neck and neck": tsere yana gudana, ba a gama ba, kuma abin da zai raba gardama ƙila bai wuce sa'ar taki ɗaya ba.

Ƙarni na 19 cike yake da ranakun da idon alƙali ya gaza. A Derby ta 1828, Cadland da The Colonel suka iso tare, aka sake sakin su su biyu a yammacin ranar, Cadland ya ci. A 1857, a gasar Cesarewitch ta Newmarket, uku ne suka iso tare: El Hakim, da Queen Bess, da wata goɗiya da aka kawo daga Amurka mai suna Prioress, wadda ta ci da aka sake. A Derby ta 1884, St Gatien da Harvester suka yi canjaras, masu su kuma suka zaɓi raba kuɗin maimakon sake wahalar da dabbobin.

Labarin da ya fi tsayawa a zukatan mutanen arewacin Ingila shi ne na Voltigeur. Dokin Lord Zetland ne, ya ci Derby a 1850. A watan Satumba na shekarar, a St Leger, wani doki daga Ireland mai suna Russborough ya cim masa a kan layi, alƙali ya ce bai ga bambanci ba. Aka sake, Voltigeur ya ci. Bayan kwana biyu kacal aka fito da shi ya kara da The Flying Dutchman, wanda ya ci Derby da St Leger a shekarar da ta gabata, kuma ba a taɓa kayar da shi ba. Voltigeur ya kayar da shi da rabin tsawo. Magoya bayan wanda aka kayar suka ƙi yarda, suka ɗora laifin a kan mahayinsa, wanda aka ce ya sha ya yi tatul, ya saki linzami tun daga farko. Aka shirya karon raba gardama a York ranar 13 ga Mayun 1851, su biyu kaɗai, mil 2, a gaban taron da ba a saba ganin irinsa ba. The Flying Dutchman ya rama da tsawo ɗaya.

Wanda ya tsara nauyin da kowannensu zai ɗauka a wannan rana wani tsohon hafsan sojan ruwa ne, Admiral Henry Rous, wanda ya ɗora wa babban ƙarin laba takwas da rabi saboda ya girmi ɗayan da shekara. Wannan ya kawo mu ga wani ɓangare na tarihin da ba a cika lura da shi ba: yawancin kusancin da ake gani a filin sukuwa shirya shi ake yi da gangan. Akwai nau'in gasa da Turawa ke kira "handicap", inda wani jami'i ke duba tarihin kowane doki, ya sa wa mai ƙarfi ƙarin dalma a ƙarƙashin sirdi, ya rage wa mai rauni. Manufar ita ce kowa ya sami damar ci, domin idan an san mai ci tun kafin a fara, babu mai zuba kuɗinsa. An naɗa Rous a wannan muƙami a hukumance a 1855, kuma jadawalin da ya tsara na nauyi bisa shekarun doki shi ne tushen wanda ake bi har yanzu. Burin duk mai wannan aiki shi ne ya ga dawakin sun iso layi a jere kamar haƙoran mataji. Wanda ya fi kowa kusantar wannan buri shi ne John B. Campbell na Amurka. Ranar 10 ga Yunin 1944, a filin Aqueduct na New York, ya ba dawaki uku nauyi daban-daban, Bossuet laba 127, Wait A Bit 118, Brownie 115, su ukun kuma suka taɓa layi a lokaci guda. Har yau ana buga hoton wannan rana.

Amma kafin a kai ga hoto, sai da ido ya ci gaba da tafka kurakurai. Derby ta 4 ga Yunin 1913 an fi tuna ta da Emily Davison, 'yar gwagwarmayar neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, wadda ta shiga fili dokin Sarki George na Biyar ya banke ta, ta rasu bayan kwana huɗu. Abin da ya faru a bakin layi ya ɓace a inuwar wannan musiba. Dawaki da dama ne suka iso a cunkushe suna gogayya. Alƙali ya ba Craganour nasara da kai ɗaya, daga baya masu kula da gasar suka ƙwace suka ba Aboyeur, wanda kusan babu wanda ya sa kuɗi a kansa, bisa hujjar cewa an ture shi. Wani doki kuma mai suna Day Comet, wanda hotuna suka nuna yana cikin na gaba-gaba, alƙali bai ma gan shi ba, domin sauran sun kare shi.

Tun shekara talatin kafin wannan rana wani ya riga ya faɗi maganin. Eadweard Muybridge, Baturen Ingila mai ɗaukar hoto da ke zaune a California, shi ne a 1878 ya jera na'urori a gonar Leland Stanford da ke Palo Alto ya ɗauki doki yana gudu taki bayan taki, ya tabbatar da cewa akwai lokacin da duk ƙafafunsa huɗu ke barin ƙasa. A 1882 ya rubuta wa mujallar kimiyya ta Nature wasiƙa, inda ya nuna cewa a ganinsa babu wani abu wai shi isowa tare, gazawar ido ce kawai, kuma nan gaba ba za a yi wata babbar gasa ba tare da na'urar hoto ba. Ya yi gaskiya a rabi na biyu, sai dai an daɗe kafin a kai. Na'urar hoto ta yau da kullum tana da matsala: sai an danna ta daidai lokacin da hanci ya taɓa layi, in aka yi jinkirin ƙiftawa ko gaggawarta hoton ba shi da amfani.

Mafitar ta fito ne daga masana'antar fim. Lorenzo del Riccio, injiniya a kamfanin Paramount, ya ƙera na'urar da ba ta kallon fili gaba ɗaya, sai wata siririyar tsaga da aka daidaita da layin ƙarshe. A bayan tsagar fim yana tafiya ba tsayawa, da saurin da ya yi daidai da na dawakin. Duk abin da ya ƙetare layi yana zana kansa a kan fim ɗin a daidai lokacin da ya ƙetare. Saboda haka hoton da ke fitowa ba hoton wuri ba ne a lokaci ɗaya, hoton layi ɗaya ne a lokuta masu bin juna, kuma ratar da ake gani tsakanin hanci da hanci rata ce ta lokaci. Shi ya sa ƙafafun dawaki kan fito a karkace a irin waɗannan hotuna. An fara aiki da ita a 1937 a filin Del Mar na California, wanda mawaƙi Bing Crosby na cikin waɗanda suka kafa shi. Birtaniya, mai jan ƙafa a kan duk abin da ya taɓa al'adarta, sai a 1947 ta karɓa, kuma a 1949 hoto ya yanke hukuncin Derby a karon farko: Nimbus ya ci Amour Drake da kai ɗaya. Turanci ya sake samun wata magana, "photo finish", ƙarshen da sai hoto ya raba.

Hoto bai kashe kusanci ba, ya dai hana a yi gardama a kansa. A 1978 Amurka ta kalli dawaki biyu, Affirmed da Alydar, sun kara a manyan gasanninta uku. A ta farko Affirmed ya ci da tsawo ɗaya da rabi, a ta biyu da wuya, a ta uku, Belmont, mai mil ɗaya da rabi, suka jera tun daga tsakiyar fili har ƙarshe, Affirmed ya ci da kai. Mahayinsa, Steve Cauthen, shekararsa 18. Alydar ya zo na biyu sau uku, kuma in aka haɗa duk ratar da aka ba shi ba ta kai tsawon doki biyu ba. A inda Muybridge ya yi kuskure kuwa shi ne cewa babu isowa tare: a 2003, a gasar Breeders' Cup, an daɗe ana duban hoton High Chaparral da Johar, daga ƙarshe aka raba musu nasarar.

A nan ne ya dace a dubi Hausa, domin abin sha'awa ne cewa ita ma da ta tashi neman sunan daidaito jikin doki ta nufa. Bature ya kama wuya, Bahaushe ya kama kunne. Kunnen doki biyu ne a tsaye, babu wanda ya ɗara wani, shi ya sa idan ƙungiyoyin ƙwallo suka tashi ɗaya da ɗaya ake cewa sun yi kunnen doki. Amma maganganun biyu ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma mai fassarar da ya musanya su ya yi kuskure. Kunnen doki hukunci ne, an busa usur an tashi, daidai yake da mataccen zubin Turawa. "Neck and neck" kuwa bayanin tsakiyar tsere ne. Ba ta yi alkawarin za a ƙare daidai ba, ba ta ma yi alkawarin za a ƙare kusa ba. Dawakin da ke jere a kwanar ƙarshe, ɗaya na iya samun sauran ƙarfi ya bar ɗayan da tsawo biyar.

Wannan bambanci shi ne ya fi muhimmanci da maganar ta bar filin sukuwa ta shiga siyasa. Ba ita kaɗai ta yi wannan hijira ba. A ƙarni na 19 sukuwa ce wasan da manya da talakawa ke taruwa a kansa a Ingila da Amurka, 'yan jaridar da ke rubuta labarin zaɓe kuma da harshenta suka tashi. Ɗan takarar da ba a san shi ba ya zo ya ba da mamaki sai aka kira shi "dark horse", dokin da ba a san asalinsa ba, lafazin da ya bayyana a wani littafin ƙagaggen labari na Benjamin Disraeli a 1831, aka kuma liƙa wa James Polk da ya zama shugaban Amurka bayan zaɓen 1844. A Turancin Amurka zaɓen kansa tsere ake kiransa, ɗan takara kuma gudu aka ce yana yi.

Sai dai akwai wani gibi a kwatancen. A filin sukuwa mai kallo yana ganin dawakin da idonsa. A zaɓe babu wanda ke ganin komai sai ranar ƙidaya. Abin da ake da shi kafin nan ƙuri'ar jin ra'ayi ce, wadda ke tambayar mutum dubu ɗaya ko biyu ta yi hasashen miliyoyi. Idan an tambayi mutum 1,000, lissafi ya nuna sakamakon kowane ɗan takara na iya kaucewa da maki 3 cikin ɗari sama ko ƙasa, ratar da ke tsakanin biyun kuwa kaucewarta ta kusa ninka haka. Wannan ma idan an zaɓo mutanen da aka tambaya yadda ya kamata ke nan. Saboda haka idan jarida ta ce wannan yana da 48 wancan 47, ta kuma rubuta "neck and neck", abin da ta sani a gaskiya shi ne na'urarta ba ta iya hango ratar. Tana iya yiwuwa babu ratar, tana kuma iya yiwuwa akwai ta, babba.

Tarihi ya nuna duka biyun. A 1960 John Kennedy ya wuce Richard Nixon da ƙuri'a dubu ɗari da 'yan kai cikin kusan miliyan 69. A 2000 shugabancin Amurka ya rataya a kan ƙuri'a 537 a jihar Florida, sai da Kotun Ƙoli ta tsayar da sake ƙidaya ranar 12 ga Disamba kafin George W. Bush ya tabbata. Waɗannan kusanci ne na gaske. Amma a 1980 an shiga makon ƙarshe ana cewa Jimmy Carter da Ronald Reagan sun yi kusa ƙwarai, sai ga Reagan ya ci da kusan maki 10, ya kwashe jihohi 44. A Birtaniya a 1992 an yi hasashen jam'iyyun Labour da Conservative suna daf da juna, Conservative ta ci da fiye da maki 7. A 2015 aka maimaita: kusan duk kamfanonin hasashe sun nuna su daidai, aka shafe makonni ana tattauna yadda za a kafa gwamnatin haɗin gambiza, sai David Cameron ya sami rinjaye shi kaɗai, da ratar fiye da maki 6. Binciken da aka gudanar bayan zaɓen ya gano cewa mutanen da aka riƙa tambaya ba su wakilci masu jefa ƙuri'a yadda ya kamata ba.

Ba a rasa masu amfana da wannan lafazi. Tsere mai zafi ya fi sayar da jarida, ya fi riƙe mai kallo a gaban talabijin. Ɗan takarar da ke gaba yana son a ce an yi kusa don kada magoya bayansa su kwanta a gida, wanda ke baya yana so don kada masu ba shi kuɗi su janye. Kamfanin hasashe kuma ya fi samun kwanciyar hankali idan sakamakonsa ya yi kama da na sauran, domin kuskuren taro ba ya zama abin kunyar mutum ɗaya. Admiral Rous dalma yake sawa a ƙarƙashin sirdi don dawaki su iso tare, kuma kowa ya san aikinsa ke nan. A siyasa ana iya samun irin wannan sakamako ba tare da wani ya ɗauki alhakinsa ba. Asarar kuwa a kan mai jefa ƙuri'a take faɗawa, domin filin da ya kamata a cika da bayanin abin da kowane ɗan takara zai yi da haraji ko asibiti ko yaƙi, an cika shi da wa ke gaba da maki ɗaya a wannan mako.

Wasanni sun ci gaba da tace na'urorinsu. A gasar Olympics ta Paris a 2024, Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaica duk sun gama mita 100 a daƙiƙa 9.79, na'ura ta raba su da kashi 5 cikin dubu na daƙiƙa, kuma a tseren mutane ƙirji ake dubawa, ba kai ba. Masu ninƙaya sun bi wata hanya daban. Bayan da aka raba Gunnar Larsson da Tim McKee da kashi 2 cikin dubu a Munich a 1972, hukumarsu ta yanke cewa ba za ta sake duba abin da ya gaza kashi ɗaya cikin ɗari ba, in an yi daidai a nan a raba lambar.

Kujerar mulki ba ta rabuwa biyu, saboda haka idan zaɓe ya ƙare kunnen doki na haƙiƙa dole a nemi wata dabara. A Nuwamban 2017 aka yi zaɓen majalisar dokokin jihar Virginia. A mazaɓa ta 94, sake ƙidaya ya ba Shelly Simonds ta jam'iyyar Democrat nasara da ƙuri'a ɗaya tak a kan David Yancey na Republican. Washegari alƙalai uku suka duba wata takardar ƙuri'a da aka yi gardama a kanta suka ce ta Yancey ce. Kowannensu ya tashi da 11,608. Ba kujera ɗaya kaɗai ke kan faifai ba: in Simonds ta ci, majalisar za ta rabu 50 da 50, in Yancey ya ci, jam'iyyarsa ta riƙe rinjaye da 51. Dokar jihar ta ce a irin wannan hali a bar wa sa'a. Ranar 4 ga Janairun 2018, a birnin Richmond, jami'an hukumar zaɓe suka rubuta sunayen biyu a 'yan takardu, suka sa kowanne cikin ƙaramin gwangwanin da ake ajiye fim ɗin hoto, suka jefa su cikin wani kwanon tangaran, suka juya. Shugaban hukumar ya sa hannu ya ɗauko ɗaya, ya buɗe, ya karanta sunan Yancey.